Keke Da Takunkumi

Duk faɗin ƙasar Katagum babu dutsen da akuya za ta hau ta yi haki, amma Fahad ya rasa abin da zai aiko wa ubansa daga Legas sai keken hawan dutse. Likita ne ya ja. Shi ya ce sukarin Malam Saleh ya hau, lalle ya riƙa motsa jiki, ɗan kuwa da ya ji haka bai yi shawara da kowa ba ya auno keke a motar kaya.

Malam Saleh ya yi shekara talatin da biyar yana magatakardan kotu, don haka har bayan ya yi ritaya mutanen Azare ba su daina kiransa Rajistara ba. Mutum ne mai son gardama kamar ya yi me. Idan ka ce masa an yi ruwa jiya, sai ya tambaye ka ƙarfe nawa, kuma a gaban wa.

Keken ya zo da tarkacensa. Ga hular kwano mai huji-huji, wadda ba ta tare rana ba ta tare ruwa. Ga safar hannu da aka yanke wa yatsu, ga baƙin tabarau, ga gorar ruwa mai bakin tsotso. Sai wani ɗan wando mai kama jiki, an ɗinke masa soso a mazaunai. Matarsa Hajiya Sadiya ta ɗaga wandon da yatsa biyu, ta juya shi gaba da baya.

"Malam, wannan kuma na jikanka ne aka haɗo da shi bisa kuskure?"

"Na zama ne a kan sirdi. Ilimi ne, ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Napkin ne na tsofaffi. Wallahi ka fita da shi ƙofar gida, gidanmu zan tafi."

A ƙarshe aka yi sulhu, yana sa shi a ƙarƙashin wandonsa na mutunci, ba wanda ya sani sai Allah sai Hajiya.

Da rani keken ya yi masa rana. Giya ashirin da ɗaya gare shi, Rajistara bai taɓa amfani da fiye da biyu ba, amma duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ji adadinsu. Da damina ta sauka ne aka gane inda maƙerin keken ya yi rowa. Babu marfin taya mai tare caɓi, gaba da baya. Ranar farko da ya ratsa kasuwa bayan ruwa, ya dawo gida da layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya, miƙaƙƙe sak kamar an ja da rula. Bai fasa hawa ba. Ya koyi ɗaure babbar riga a ciki don kada sarƙa ta cinye ta, ya koyi rufe sirdi da baƙar leda idan zai shiga masallaci, Hajiya kuma ta koyi wanki tana mita.

Duk wannan abin dariya ne, shi ma yakan yi. Abin da ba ya dariya a kansa shi ne Inna.

Mahaifiyarsa Hajiya Zuliha tana Kafin Gawo, wani ƙauye da ake ratsewa a shiga kafin a kai Chinade, a hannun yayarsa Larai. Tsufa ya fara kwashe mata mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta manta jikoki, ta manta maƙwabta, wani lokaci Larai ma takan zama "yarinyar nan mai kawo kunu". Shi kaɗai ya rage. Shi ba ɗan fari ba ne balle ta ji kunyar sunansa, tun yana ƙarami take ƙwala masa kira, "Sale!", har a jiyo ta a bakin rijiya. To zuwansa na ƙarshe, sati uku da suka wuce, ya shiga da sallama ya durƙusa, sai ta jawo mayafi ta rufe kai, ta ce cikin ladabi, "Sannu da zuwa, Alhaji. Daga wane gari?"

Ya yi murmushi a gabanta, ya ce daga Azare. A hanyar dawowa kuwa sai da ya tsaya a gindin wata tsamiya ya yi kuka mai isarsa. Tun ranar abu ɗaya yake roƙon Allah, ya sake jin ta kira sunansa ko da sau ɗaya ne.

Sai ruwan Agusta ya cinye kwalbatin hanyar ƙauyen. Mota ba ta shiga, 'yan acaɓa suka ce ko ubansu ne a can ba za su je ba. Ranar wata Laraba da safe Larai ta bugo waya.

"Sale, jikin nan nata fa kullum baya yake yi. Jiya ko kunun ba ta sha ba. In za ka zo, ka zo."

"Ta ambace ni, Yaya?"

Larai ta ce, "Kai dai ka zo."

Ya ninke farin kaftaninsa da hular da Inna ta fi sani a kansa, ya ƙulle su a leda ya goya a baya, da nufin ya wanke jiki ya sauya kafin ya shiga wurinta. Ya kifa hular kwano, ya ja keke. Hajiya Sadiya ta bi shi har zaure, yau kam ba ta yi tsiya ba, ta ce Allah ya tsare.

Hanya ɗaya ta rage zuwa Kafin Gawo, ita ce burtali, wato hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki. Da ya iso bakinta sai ya tarar an gitta ƙaya, ga mutum biyu zaune a ƙarƙashin rumfar kara. Ɗaya Sarkin Noman yankin ne, wani siririn dattijo mai kunya. Ɗayan kuwa, Rajistara na hango malafarsa gabansa ya faɗi. Ardo Jalo ne. Sun san juna tun zamanin kotu, kuma kakannin Rajistara Barebari ne, Ardo kuwa Bafillace. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara.

Ardo ya miƙe tsaye, ya dafa sanda, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Sarkin Noma, zo ka ga bawana ya kifa matsamin taliya a ka. Jam na, Babarbare? Yunwa ce ta koro ka daga birni?"

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Janye min ƙayar nan, sauri nake."

"Ina za ka?"

"Kafin Gawo, wurin tsohuwa. Ba ta da lafiya."

Nan Ardo ya sauke murya ya yi mata addu'a da gaske, Sarkin Noma ya ce amin. Amma ƙaya ba ta motsa ba. Sarkin Noma ne ya yi bayani yana sunkuyar da kai. Bara wani mai babur ya shigo burtalin da gudu, shanu suka firgita suka faɗa gonar gero, saura kaɗan a zubar da jini. Shi ne manoma da makiyaya suka zauna suka yi alkawari, aka shafa fatiha a kai: daga saukar ruwa har a yi girbi, ba abin da zai bi burtali sai dabba da mai ƙafa. Ma'ana dai, duk abin da ke da taya, a'a.

"Ka bar shi nan, Rajistara, ka taka," in ji Sarkin Noma. "Ba abin da zai same shi."

Rajistara ya dubi burtalin, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗowa. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa ga mai lafiya, shi kuwa gwiwarsa ta dama ta daɗe da yin ritaya kafin shi. Ban da haka, a faɗi gaskiya, an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. An kawo doka a gabansa, doka kuwa shekara talatin da biyar yana ganin yadda ake lanƙwasa ta.

Ya sauko daga keke, ya cire tabarau, ya gyara murya irin ta zauren shari'a.

"Sarkin Noma, ina so ka maimaita min lafazin alkawarin. Cewa aka yi banda mai taya, ko cewa aka yi sai dabba?"

"To... cewa aka yi sai dabba."

"Madalla. Ardo, ka shaida?"

"Na shaida. Sai dabba. Shi ya sa kai za mu bar ka ka wuce."

Wasu mata uku masu tallar nono da suka tsaya gyara ƙwarya suka fashe da dariya. Rajistara ya yi kamar bai ji ba.

"Sarkin Noma, don girman Allah, lokacin da keke ya fara shigowa ƙasar nan, me iyayenmu suka kira shi? Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, me yake cewa?"

Sarkin Noma ya sosa gemu. Mutum ne da ba ya iya ƙarya ko ta wasa. "Dokin ƙarfe yake cewa."

"Dokin me?"

"Dokin ƙarfe."

"Doki dabba ne ko ba dabba ba?"

"Dabba ne."

"An ce a cikin alkawarin dokin nama kaɗai, banda na ƙarfe?"

"Ba a ce ba."

"To na rufe bayanina." Rajistara ya mayar da tabarau, yana jin wani daɗi da rabonsa da shi tun ranar da ya bar aiki.

Ardo Jalo ya matso kusa. Ya zagaya keken sau biyu a hankali, kamar mai taya saniya a kasuwar Azare. Ya shafa sirdi, ya matsa taya, ya tsuguna ya leƙa tarin giyar baya yana ƙirga haƙoransu da bakin sanda.

"Lalle doki ne," ya ce. "Tsoho ne ma, ga haƙora rututu, sai dai a gindi suka fito masa. Irin na Barebari ke nan. Sarkin Noma, mun yarda doki ne?"

"In ka yarda, Ardo, na yarda."

"To janye ƙaya. Amma tsaya. Faɗa wa bawana sauran alkawarin, tunda shi mai son lafazi ne."

Sarkin Noma ya ƙara sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. "Garke yana da makiyayi mai tsare shi. Amma dabbar hawa, jaki ko doki ko raƙumi, idan gero ya fitar da kai, ba ta shiga sai da takunkumi a baki. Don kada ta kai wa amfanin mutane cafka."

"Wane irin zance ne wannan?" Rajistara ya daka tsawa. "Keke ne fa! Ina ya ga bakin cin gero?"

"Au, keke ne?" in ji Ardo. "Sarkin Noma, mayar da ƙaya."

Rajistara ya dubi ƙayar, ya dubi keken. Da hannunsa ya ɗaure kansa, kuma a gaban shaidu biyar. A ransa ya shirya hujja uku masu kyau, ya san zai iya kai su la'asar a nan yana jan magana, wataƙila ma ya ci nasara. Sai aka yi wata tsawa can gabas, iska mai sanyi ta kaɗa ganyen gero. Ya tuna yadda Larai ta kauce wa tambayarsa a waya. Kunya ta kama shi, ba ta matan nono ba, ta kansa, da ya tsaya neman suna a bakin burtali uwarsa na kwance.

"Kawo takunkumin," ya ce a hankali.

Ardo ya ciro na jakinsa daga jikin rumfa, saƙar kaba ce, ta sha yawu har ta yi baƙi. Aka ɗan yi muhawara a kan inda bakin keke yake. Sarkin Noma ya ce tayar gaba, tunda ita ke fara taɓa ƙasa. Ɗaya daga cikin matan, wata mai suna Murja, ta ce a'a, baki a ƙarƙashin ido yake, ga kuma idon nan, tana nuna 'yar fitilar da ke kan keken. Ra'ayinta ya rinjaya. Ardo da kansa ya ɗaura, ya ja igiya ya ƙulle tamau, ya daki sirdi da tafin hannu.

"Ka shayar da shi in kun isa. Ka gaishe min da tsohuwa, ka ce ubangidan ɗanta na yi mata sannu."

Rajistara ya hau ya taka, takunkumi na reto a gaba, dariyar mata na bin bayansa har ya sha kwana.

Farkon burtalin rairayi ne da ruwa ya daddale, keken ya riƙa tafiya sumul. A nan ne ma ya gano amfanin giya ta uku da ta huɗu, har ya fara yafe wa Fahad. Gero a dama, dawa a hagu, sun fi shi tsawo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hancinsa tare da warin yawun jaki. Ya yi lissafin nan da rabin awa yana gaban Inna.

Bai san da fadama ba. Daga inda hanyar ta gangara, ƙasa ta koma baƙar laka, shanu ɗaruruwa sun tattake ta safe da yamma, kofato ya bar rami a kan rami, kowane cike da ruwa da kashin shanu. Tayoyin nan masu ƙuraje, waɗanda aka yi don su kama dutse, suka kama laka hannu bibbiyu. Kowane juyi sai sun ƙara kauri. Kafin ya yi taku ashirin tayar gaba ta zama kamar dutsen niƙa, ta cije ta tsaya cak. Keken ya tsaya, Rajistara bai tsaya ba. Ta saman takunkumi ya wuce, ya sauka da ƙirji.

Da ya ɗago, abin da ya fara dubawa shi ne ko akwai mai kallo. Babu kowa sai wata balbela. Ya samo tsinke ya sassaƙe lakar, ya hau, ya yi taku goma, ta sake cikewa. Ya sake sassaƙewa. A karo na uku sarƙa ta zame, takalminsa na hagu ya nutse ya ƙi fitowa, sannan ruwan ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Hular kwano ta yi aikinta na matsami, ruwa na shiga ta huji yana gangaro masa a wuya. Wandon soso ya sha ruwa ya yi nauyi, kowane taku sai ya ji kamar yana ɗauke da jiƙaƙƙen bulo. Tura keken ya gagara, tayoyin sun daina juyawa sam. Ya yi tunanin jefar da shi cikin dawa, amma takunkumin aro ne, kuma ya san Ardo zai ba da labarin har jikoki. Sai ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa. Haka Rajistara ya ratsa fadamar Kafin Gawo, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, dokinsa na bisa wuyansa, yana tsine wa Legas da likita da duk wanda ya fara cewa dokin ƙarfe. Ya faɗi sau biyu kuma. A faɗuwa ta ƙarshe ya daɗe a zaune cikin taɓo, gwiwa na zugi, numfashi na fita da ƙyar, tsoro ya kama shi sosai kada ya isa ya tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wannan tsoron ne ya tashe shi.

Azahar ta gota lokacin da ya shiga ƙauyen, ruwan ya koma yayyafi. Ba tabarmi a ƙofar gida. Ya yi hamdala, ya jingina keken a zaure, ya cire hular kwano da tabarau. Niyyarsa ya lallaɓa ta bayan rumbu zuwa makewayi, ya yi wanka ya sa farin kaftani, sannan ya yi sallama kamar mutum.

Yana leƙawa tsakar gida ya yi turus. Larai ta fito da Inna ƙofar ɗaki ta sha iska, tana zaune a kan tabarma an jingina ta da filo, ta rame har ta koma kamar yarinya. Idonta na kansa. Shi kuwa daga gashin kai har yatsun ƙafa baƙar laka ce, ba abin da ke fari a jikinsa sai ido.

Larai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Inna, kada ki tsorata, baƙo ne daga Azare, bari ya wanke jiki ya zo ku gaisa."

Inna ba ta ko dube ta ba. Ta yunƙura ta gyara zama, ta tsuke fuska, wata murya ta fito daga wannan ƙaramin ƙirji wadda gidan ya yi shekaru bai ji ba.

"Wane baƙo? Sale! Kai Sale, don ƙaniyarka! Ban hana ka zuwa kududdufin nan ba?"

Rajistara ya tsaya kamar an dasa shi.

"Zo nan! Ina ɗaya takalmin? Ka yar ko? Sabon takalmi! Zo nan na ce, munafuki, kana tsaye kana zare min ido."

Ya tako da ɗingishi, ya zube a gabanta a kan gwiwar da ke ciwo, bai ma ji ciwon ba. Ta lalubo kunnensa ta murɗe da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Da bai isa ba sai ya ƙara sunkuyar da kai don ta kama da kyau.

"Da wa kuka je?"

"Ni kaɗai ne, Inna."

"Ƙarya kake. Bari ubanka ya dawo daga gona. Dube ka, kamar ba ɗan mutane ba." Ta kama bakin zaninta ta fara goge masa goshi tana tsaki. "Kuka kuma kake yi? Tun ban taɓa ka ba? Larai, ɗora ruwa ki wanke min yaron nan, sanyi zai kama shi. Ki zubo masa kunu, ni ma ki zubo min, duk ya sa ni yunwa da faɗa."

Larai ta ruga madafa tana share ido da gefen mayafi. Ba a jima ba ta dawo da kunu kofi biyu, ta koma ta ɗauko bokitin ruwan zafi da soso da sabulu, ta ajiye a bakin makewayi.

"Sale, ga ruwan. Tashi kafin ya huce."

Bai tashi ba. Inna na kurɓar kunu da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da kunnensa har yanzu, tana ba shi labarin irin dukan da zai sha. Lakar ta fara bushewa a fuskarsa tana ja masa fata, sanyi na kaɗa shi har haƙoransa na haɗuwa. Ya juyo ya dubi yayarsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji.

"Yaya, bar shi ya huce. In na wanke, Alhaji zan koma."